Na sayi sansankat mai kwalliya a hannun mai ita, ga yadda muka kwashe

Wata bakwai kenan da motar nan ta fara kwana gidana, kuma tun daga ranar ban huta da tambaya ba. A masallaci, a fada, a bakin shago, kai har wani jandarma a hanyar Cadawa sai da ya ajiye takarduna gefe ya ce don Allah nawa na saye ta. To bari in zuba gaba ɗaya in huta, wanda ke da niyyar sayen tsohuwar mota irin wadda aka yi wa gyaran gayu, kai tsaye daga hannun mai ita ba dillali a tsakani, ya karanta ya ɗebi abin da zai amfane shi.

Peugeot 504 ce, sansankat ɗinmu dai, wadda 'yan uwa na Katsina ke ce wa Fijo. Salun ce, ba familiyal ba. Ƙirar Faransa ta 1978, don mutane da sun gan ta sai su ce ai 'yar Kaduna ce, a'a. Kaduna sun fara harhaɗa Peugeot a 1975 kuma sun ci gaba da fitar da 504 har wajen 2006, alhali Faransa ta daina salun ɗin tun 1983, shi ya sa mafi yawan waɗanda suka rage suna numfashi a ƙasar Hausa na can ne. Tawa dai ta ruwa ta zo, kuma ranar da na gan ta tana ɗauke da tsohuwar lambar nan mai farawa da 4, ta jihar Maradi, wadda yaran yanzu ba su ma san ma'anarta ba.

Babana, Allah ya jiƙansa, direba ne. Familiyal ya ja shekara da shekaru a layin Maradi zuwa Damagaram, mai kujera jeri uku, wadda Bature ya ce mutum 7 mu kuma muka ce 9 ban da yara da kaji. A cikinta na haddace sunayen garuruwa, Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa, Takeita, tun kafin in iya karatu. Saboda haka kar wani ya zo yana min lissafi wai da kuɗin da na samu Corolla mai shan mai kaɗan. Na sani, ina da Corollar, ita ke kai yara lakwal. Wannan ta marmari ce.

A status ɗin WhatsApp na fara ganinta. Wani yaro ne ya ɗora, an ɗauke ta da yamma rana na faɗuwa, fenti shuɗi mai duhu sai ƙyalli yake, ƙafafun alminiyam, gilashi baƙi ƙirin, fitilu farare tas, ga kiɗa an sa a baya kamar tallar turare. Ƙasa an rubuta ta sayarwa ce, ba dillali. Na kira, ashe motar ta mahaifinsa ce, wani dattijo tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya, a nan cikin gari. Ba zan faɗi unguwa ba balle suna, mutumin kirki ne kuma har yau muna gaisawa.

Abin da na fahimta daga baya, wanda kuma shi ne gaba ɗayan labarin, hannu biyu ne suka taɓa motar nan. Akwai hannun Baba, wato dattijon mai motar, akwai hannun ɗansa. Duk abin da ido ba ya gani Baba ne ya yi, duk abin da ke ƙyalli yaron ne. Amma da sauran magana kafin nan.

Makanikena, wanda tun zamanin babanmu yake yaron garaji yanzu kuma shi ne maigida, ya ce kar in yarda mu tafi da rana. Ya ce da an sallame asuba za mu dira, don mota tsohuwa da safe take faɗin gaskiya, in ka bari aka ɗumama maka ita kafin ka zo to ka sayi abin da ba ka gani ba. Haka muka yi. Muna shiga bai ko tsaya dogon gaisuwa ba ya ɗora tafin hannu kan kapo, sanyi ƙalau, sannan ya durƙusa yana kallon ƙasar inda take kwana. Wannan ita ce riba ta farko ta sayen mota a gidan mai ita, a wurin dillalai kullum ana canza mata wuri ana share ƙasa, a nan kuwa rairayin da ke ƙarƙashinta ya shekara yana karɓar duk abin da take ɗigarwa. Ɗigo ɗaya muka gani na baƙin mai, bai kai kwabo ba. Ba ruwa, ba man birki.

Baba ya fito da carbi da makulli, ya zauna, ya taka totur sau biyu, ya ja shok, murɗawa ɗaya ta tashi. Wallahi da na ji ƙarar nan sai da na juya baya na yi kamar ina duba taya, don idona ya kawo ruwa.

Makanike ya buɗe murfin radiyato yana kallon ruwan ko zai yi kumfa, ya buɗe murfin mai ya shafa da yatsa ko akwai farin abin nan mai kama da madara. Ya ce min injin 504 silindojinsa kamar bututu ne da ake zurawa cikin bulok, ruwa na zagaye su kai tsaye, kan injin kuma alminiyam ne, to in ta taɓa yin zafi sosai sai kan ya lanƙwashe ko robar ƙasan bututun ta saki, ruwa ya haɗu da mai, daga nan sai ka fara kai kuɗi garaji kamar adashi. Bai ga komai ba. Sannan ya fito da maganaɗisu naɗe da tsumma yana bin jikinta da shi, inda ƙarfe ne ya kama, inda aka cika mastik ya zame. Gefen baya na hagu ya zame wajen tafi biyu. Kafin mu buɗe baki Baba ya ce, "Nan amalanke ta buge ta bakin kasuwa, shekara shida ke nan, ni na kai ta anka buge." Muka ɗaga kafet, ƙasa lafiya lau ba tsatsa, wannan kam albarkar busasshiyar ƙasarmu ce, da motar bakin teku ce irin ta Kwatano ko Legas da tuni kana hango kwalta ta ƙarƙashin ƙafarka.

Sai ya shiga ɗaki ya fito da kaye, irin na 'yan lakwal, bango ya yi baƙi don mai. A ciki ya rubuta duk bidanj, wato canjin baƙin mai, da ya taɓa yi, rana da kilomita, duk bujiya, duk bel, da Faransanci da rubutun nan mai kyau na mutanen da. A nan na ga asalin injinta ƙaramin ne, mai cc 1796, ya gaji ya cire shi ya ɗora mai cc 1971 da aka ciro daga Peugeot 505, tare da bwat mai giya 5 maimakon 4 da ta zo da ita. Dangi ɗaya ne injinan shi ya sa suka zauna daram ba walda ba ƙulle-ƙulle. Ya kuma sa radiyato mai kauri. Ni kayen nan shi ya sayar min da motar, ba fenti ba.

Yanzu matsalar ciniki ba dillali, wadda ba wanda ya taɓa faɗa min. Mutum sa'an ubanka ya shimfiɗa maka tabarma a zaurensa, an kawo fura da nono ka sha har ka ƙara, yana ce maka ɗana, to da wane baki za ka ce masa Baba motarka ba ta kai haka ba? Dillali ba shi da wannan kunyar, sana'arsa kenan ya kushe a nan ya yaba a can, la'adar da muke jin haushin ba shi ashe kuɗin rashin kunya ce muke biya. Allah ya sa na zo da makanike, shi ya zama bakina.

Yaron ne ya fito da lissafi a waya. Ƙafafu jika 350, wato sefa dubu 350, fenti jika 400, allo da lasifikoki jika 280, kilim mai sanyaya mota jika 300, kujeru jika 250, ya tattara ya ɗora kan kuɗin mota ya ce miliyan 4. Har da kafa hujja wai motar tarihi ce, ita ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, ita ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975, kuma 504 ɗin tsohon shugaban Iran Ahmadinejad, ƙirar 1977, an yi gwanjonta a 2011 kan dala miliyan 2 da rabi. Duk gaskiya ya faɗa, ya yi bincikensa. Makanike ya ajiye ludayi ya ce, "Yaro, dalar Amurka ko dalar Maradi? Don ko tamu ce ta sefa 5 ba mu da ita." Baba ya yi dariya har da tari.

Na taya miliyan 2, aka ce albarka. Muka tashi muka tafi. Kwana uku ban yi barcin kirki ba, uwargida ta ce ko kishiya nake nema ne ban faɗa ba. Rana ta huɗu Baba da kansa ya kira, ba yaron ba, ya ce, "Ɗana, taho mu gama, ni so nike ta tahi inda za a kula da ita." Muka tsaya a miliyan 2 da jika 600. Na ba da kafin alƙalami jika 200, washegari na kawo ciko gaban shaidu biyu, aka rubuta takardar sayarwa aka kai aka buga mata hatimi da tambur, aka yi fatiha. Abokaina rabi sun ce an cuce ni, rabi sun ce na yi tsintuwa. Ni a ganina na yi sama da kuɗinta da kamar jika 400, kuma wannan jika 400 ɗin ita ce kuɗin furar da na sha.

To ga inda na yi wauta, kuma tawa ce ba ta kowa ba. Na duba lambar shasi da ke buge jikin ƙarfe, ta dace da ta kart giriz, wato takardar mallakar mota, harafi da harafi, sai na ji na gama aiki. Sunan kuwa kallo ɗaya na yi masa na ga sunan uba daidai ne na wuce. Sai ranar da na je canza takardu zuwa sunana aka ce wanda ya sa hannu ya sayar ba shi ne mai motar ba. Ashe sunan yayansa ne a kai, wanda ya rasu da daɗewa, uba ɗaya, sunan yanka ne kawai ya bambanta. Baba bai ɓoye don cuta ba, shi a ransa motar tasa ce, shi ke hawa shi ke gyara tun yayan na da rai, iyali kowa ya sani. Amma takarda ba ta san wannan ba. Sai da aka nemo takardar gado, aka bi 'ya'yan marigayin su shida kowa ya sa hannu ya yarda, ɗaya yana Agadas, ɗaya yana can ƙetare sai wakilci ya aiko. Wata uku da kwana 11 motar na ajiye ina kallonta kamar hoton bango, in na fita da ita to cikin unguwa ne da daddare kamar ɓarawo. Da ɗaya daga cikinsu ya ce bai yarda ba fa? Da kuɗina sun zama rigimar gado a gidan da ba nawa ba. Dillali ɗan duniya da kallo ɗaya zai gano wannan, gaskiya dai gaskiya ce.

Ga kuma maganar dawakai. Kart giriz na cewa doki 10, wato na ƙaramin injin, alhali wanda ke ciki yanzu na doki 11 ne, kuma asirans da binyet, wato inshora da harajin mota, da dawakin takarda ake lissafa su. Wasu sun ce in yi shiru wa zai buɗe ya auna. Ban yi shiru ba, na sa an gyara, don ranar da tsautsayi ya faɗa mai asirans ba zai yi min shiru ba.

Yanzu ita kanta motar a hanya. Abin da Baba ya yi, ba ni da ta cewa sai godiya. Injin yana da ƙarfi daga ƙasa, ba sai ka yi ta kukan totur ba, a giya ta uku za ka bi bayan amalanke a hankali ka kuma wuce ta ba tare da ka canza ba. Giya ta biyar ɗin nan kuwa ita ce sarauniya, a kan 90 zuwa 100 injin sai ya kwantar da murya har kana jin hirar na baya, abin da familiyal ɗin babanmu ba ta taɓa yi ba. Na kai ta Damagaram sau biyu, kimanin kilomita 235, na auna da kaina daga cika zuwa cika ta sha lita 26, wato wajen lita 11 a kilomita 100. A cikin gari da kilim kunne kam tana kai 14 har 15, ba ruwanta. Tankin lita 56 ne, a sefa 499 lita, wato dala 100 ba tamma ɗaya, cika ta na cin kusan jika 28. Da zamanin da ne da sai in ce a sha na ruwa-ruwa, amma tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 man kwalba ya daina araha, kuma karburato Solex ba ya son datti ko kaɗan, ƙwayar rairayi ɗaya ta toshe masa hanci sai ta fara shaƙewa a tsakiyar titi. Na ƙara mata matatar mai ta biyu, kuma a gidan mai kawai nake sha.

Sai hannun yaro. Innalillahi.

Mu fara da ƙafafu, don su suka kusa kashe ni. Kusoshin tayar 504 guda 4 ne amma tazararsu milimita 140 ce, ba irin ta motocin Japan da suka cika gari ba, saboda haka ƙafar alminiyam ta kasuwa ba ta shiga. Shi sai ya kai aka yanka masa faranti na ƙarfe aka ɗaura tsakani, aka ɗora ƙafa mai inci 16 da siririyar taya a inda Peugeot ta sa mai inci 14 da taya mai ciki. A hoto abin sha'awa. A hanya daga 90 sitiyari ya fara rawa kamar mai zazzaɓi, da muka kwance don dubawa kusoshi biyu na gaban dama sun tsage, saura ƙiris. Ka yi tunanin wannan a hanyar Tasawa da iyali a ciki. Kuma motar ba ta da sitiyari mai taimako, to faffaɗar taya ta mayar da juyawa a lungu aikin ƙarfi, in ka yi fakin sau uku ka yi motsa jikin ranar.

Bai tsaya nan ba, ya sa an yanke sifirin don ta zauna ƙasa irin na bidiyon Turai. Jama'a, 504 abin da ya sa ta yi suna daga nan har Kenya shi ne tsayinta da laushin ƙafarta, ta shiga rami ta fito kamar raƙumi kana zaune ba ka sani ba. Ka yanke wannan me ya rage? Duk dodan ɗin, wato tudun rage gudu, da ke cikin garin nan sai da cikinta ya gaishe shi, kuma ku kun san lungunan Maradi, daga ka sauka kwalta sai rairayi, da damina kuma ruwa ya yanka hanya. Sau biyu yaran unguwa na turo ni a rairayin da kabu-kabu ke wucewa yana min dariya. Sai da na yi saƙo Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, aka samo min sifirin na asali guda 4 aka biyo da su ta Katsina, Jibiya, Ɗan Isa. Ranar da aka ɗaura ta miƙe tsaye sai na ga kamar mara lafiya ya tashi.

Wayoyi kuma labari ne mai zaman kansa. Wani dare muna dawowa daga Tibiri ni da ƙanena sai na ji ƙaurin roba, kafin in ce me ke ƙonewa hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin allon nan na android da ya maƙala a gaba. Allah ya taimake ni makanike ya riga ya koya min in bar kan batir a sassauce da sifana 10 a aljihun ƙofa, na fizge. Da safe mai lantarkin mota ya buɗe, ya kira yaransa su zo su ga abin da ba a yi. An ja wutar allo da amfilifaya da fitilun ƙasa duk daga waya ɗaya siririya, ba fis ko ɗaya, an murɗe da hannu an naɗe da salatif, wani wuri ma leda ce. Abin da ya ciro ya cika roba guda ta wanki. Shi ne kuma dalilin da batir ke mutuwa in ta kwana biyu ba a tayar ba, ni ina ta zargin batir. Lasifikar da ta cinye rabin but na cire na ba ƙanena, allon ma haka, na sa 'yar rediyo ƙarama, ta ishe ni jin labarai.

Fitilun LED farare da ya cusa cikin tsohon gilashi, haske ne mai yawa amma ba ya zuwa inda ake so, yana watsuwa sama ya makantar da mai zuwa, kai kuma ramin gabanka ba ka gani. Kowa sai ya yi min fitila yana zagi. Na mayar da ƙwai irin na da. Baƙin gilashi kuma duk shinge sai an ce in sauke, na gaji na ɓare na gaba.

Kar a ce ban yi wa yaron adalci ba. Kilim ɗin ina godiya, duk wanda ya san zafin Afrilu a garin nan ba zai raina iska mai sanyi ba ko daga ina ta fito. Illarta in ka shiga cunkoson babbar kasuwa ranar Litinin ko Juma'a allurar zafi sai ta fara hawa, don injin zamanin 1970 da wani abu ba a yi shi da nauyin kwamfuresa a rai ba, sai da na ƙara fanka ta lantarki a gaban radiyato sannan ta natsu. Fenti ma ba laifi, daga taku biyar kyakkyawa ne sosai, in ka matso za ka ga ya hau kan robobin gilashi, in ka buɗe ƙofa kuma tsohon launinta ruwan madara na leƙowa. Kujeru ɗinki ya yi kyau, kuma bai taɓa soson ciki ba, wanda ya san kujerar 504 ya san kamar katifa take. Sai dai baƙar fatar roba ce, in ta yini a rana ka zauna da ƙarfe biyu sai ka tuna da zunubanka. Tawul nake shimfiɗawa.

In na tattara, bayan saye na kashe kamar jika 520, kuma in ka cire kuɗin zirga-zirgar takardu, kusan duka wajen warware kwalliyar da aka sa min a lissafi na biya ne. Wato na biya an sa, na biya an cire. A kan injin da bwat da Baba ya ɗora kuwa, ban da bidanj da bujiya 4, ko tamma ban kashe ba.

Masu cewa in ba da maki, Baba a matsayin mai sayarwa na ba shi 9 cikin 10, ɗayan na riƙe saboda kart giriz. Duk tambayar da na yi masa ya amsa, har da wadda ban yi ba, kuma lokacin rigimar takardu shi ya riƙa kiran 'ya'yan yayansa ɗaya bayan ɗaya da katinsa, har ya ce in na gaji in kawo mota in karɓi kuɗina cas, wanda na tabbata a wurin dillalai sai dai ka ji a mafarki. Motar yadda na karɓe ta 5. Yadda take yau, ba na sayarwa, kar ma a taya.

Wancan watan na bi ta gidansa da ita don ya gani. Ya zagaya ta sau biyu yana dafa ta, ya ga ta tashi tsaye, ya leƙa ciki ya ga ba allo, bai ce komai ba sai ya ƙwala wa jikansa kira ya ce a buɗe ɗakin ajiya. Sai ga ƙafafunta na asali na ƙarfe guda 4 jingine bayan buhunan gero, da sitiyarinta na asali mai tambarin zaki, ashe ɓoye su ya yi tun ranar da yaron ya cire don kar a kai wa 'yan gwangwan. Na ce Baba nawa zan ba da, ya ce, "Kai ɗana, ana saida wa mutum takalmin matarsa?" Dama ina ta neman ƙafafun nan, na ɗan lokaci ne na aro a garaji nake tafiya da su.

Murafun taya masu ƙyalli kuwa uku muka samu. Aka duba ko'ina ba na huɗu, Baba na ta faɗa wai shi huɗu ya ajiye. Muna cikin haka sai Hajiya ta leƙo daga tsakar gida ta ce wai wane faranti ake nema, in mai walƙiyar nan ne yana gindin bedi, shekara biyu ke nan 'yan tsakinta a ciki suke shan ruwa. Na ce a bar musu har su girma, Hajiya ta ce to sai dai in kawo wani kwanon a madadi, kuma ba na roba ba. Ran Juma'a zan shiga kasuwa in nemo.